Katin Modam na Cikin Kwamfuta, da Dalilin da Ya Sa Bai Zauna a Matazu Ba

Akwai waɗansu kayayyaki na zamani waɗanda aka ƙago a ƙasashen Turai da Amurka, suka yi tashensu, kasuwarsu ta ci har ta watse, duk ba su taka ƙasarmu ba sai bayan da masu su suka gama da su, suka loda su a jirgin ruwa tare da sauran kayan gwanjo. Daga cikin irin waɗannan kuwa har da wani ɗan allo da ake sokawa a cikin akwatin kwamfutar tebur domin ya sada ta da intanet, wanda masu sana'ar ke kira katin modam. Malaman makaranta da masu shagunan buga takardu na Matazu da Musawa da Malumfashi, waɗanda sukan tafi Kano su sayo tsohuwar kwamfuta a Titin Beirut, ko su aika a sayo musu daga Ikeja, sau da yawa sukan tarar da wannan kati maƙale a cikinta, ko kuwa wani ya ba su labarinsa, sai su yi zaton in suka same shi sun huta da sayen wata na'ura ta waje, alhali kuwa mas'alar ba haka take ba. Katin yana da sharuɗɗan da aka gina shi a kansu, kuma duk wanda ya san sharuɗɗan nan zai gane da kansa abin da ya sa na'urar da ta dace da gidan ma'aikaci a Jamus a farkon wannan ƙarni ba ta dace da shagon da ke bakin kasuwar Matazu ba.

Asalin al'amarin shi ne, kwamfuta ba ta san kome ba sai lissafi da alamomi biyu, sifiri da ɗaya, duk rubutu da hoto da murya da ke cikinta da waɗannan biyun aka harhaɗa su. Ita kuwa wayar tangaraho, wadda ta riga ta shiga gidajen mutane a can ƙasashen, an ja ta ne domin ta ɗauki muryar ɗan Adam. Saboda haka sai aka bukaci wata na'ura da za ta zauna a tsakani, ta mayar da lissafin kwamfuta ya zama sauti ya bi waya, a can ɗaya ƙarshen kuma 'yar'uwarta ta karɓi sautin ta mayar da shi lissafi. Wannan ita ce modam. Wadda kamfanin Bell na Amurka ya fitar a 1962 tana tura alama 300 ne a sakan ɗaya. A 1981 kamfanin Hayes ya fito da wadda ke buga lamba da kanta ta kuma amsa kira. Aka yi ta ƙara mata sauri har zuwa 1998, lokacin da aka yi ittifaƙi a kan ma'aunin da ake kira V.90, mai alama 56,000 a sakan, daga nan kuwa hanyar ta kai maƙurarta. Ko da wannan maƙurar, hoto guda mai nauyin megabait ɗaya sai ya ci kusan minti uku kafin ya gama saukowa, kuma muddin kwamfuta na kan layi, duk wanda ya kira gidan sai ya ji layin a cike. Waɗanda suka taɓa zama a kafe a Kano ko Zariya a ƙarshen shekarun 1990 ba za su manta da ƙarar da takan yi ba in tana neman shiga.

To, ta yaya modam ta koma kati? Lokacin da kamfanin IBM ya fitar da kwamfutarsa ta tebur a 1981, ya yi wata hikima wadda sauran maƙera suka bi shi a kanta har yau: ya bar waɗansu ramuka a jere a kan babban allon da ke cikin akwatin, domin mai ita ya ƙara mata duk abin da yake so daga baya. Wanda ya sa sukundireba ya kwance murfin gefe na irin tsofaffin kwamfutocin da ake kawo mana, ya leƙa ƙasa da fanka, zai ga ramukan nan farare, dogaye, biyu ko uku, su ne ake kira PCI, waɗanda kamfanin Intel ya fito da su a 1992. Katin kuwa ɗan allo ne kore, bai fi tafin hannu ba, an lilliƙa masa baƙaƙen ƙwayoyi da 'yan gwangwanaye. A gefensa na ƙasa akwai jerin haƙora masu ruwan zinariya waɗanda ake dannawa cikin ramin har su zauna, a gefe guda kuma akwai wani siririn ƙarfe da ake ɗaurewa da noti guda a bayan akwatin, yadda kafar da za a soka waya za ta leƙo waje. Ba ya bukatar wayar wuta tasa ta daban, daga jikin kwamfutar yake sha; ba ya cin wuri a tebur; yaro ba zai ja shi ya faɗo ba; kuma da yake ba a yi masa akwati ko caja ba, kuɗinsa bai kai na modam ɗin waje ba. Fa'idojinsa ke nan, ba kuma ƙanana ba ne a zamaninsu.

Ya kamata a nan a rarrabe tsakanin katuna, domin kamanninsu na ruɗar mutane. Wanda yake da ƙananan kafofi biyu a jere, ɗaya ta layin da ya shigo gida, ɗaya ta kan tarho, shi ne tsohon modam mai buga lamba, kuma shi aka fi samu a kayan gwanjo. Wanda yake da kafa guda mai faɗi, mai 'yan haƙora takwas a ciki, ba modam ba ne sam, katin haɗa kwamfuta da kwamfuta ne ko da rauta. Mai 'yar eriya a baya kuwa na Wi-Fi ne, shi ma ba ya kawo intanet da kansa, sai dai ya ɗebo daga wata na'ura da ke kusa. Wanda muke magana a kansa, watau katin intanet mai sauri na ADSL, galibi ƙaramar kafa guda gare shi irin ta tarho, da 'yar fitila ɗaya ko biyu.

Ilmin da ke cikin ADSL ya cancanci a tsaya a kansa, gama yana daga cikin mafi kyawun dabarun da injiniyoyi suka yi a ƙarshen ƙarnin da ya shige. Muryar mutum a tarho ba ta wuce kaɗawa 3,400 a sakan ba, amma wayar jan ƙarfe ɗin da ke ɗauke da ita tana iya ɗaukar kaɗawar da ta haura miliyan ɗaya. Ashe ke nan shekara da shekaru ana amfani da ɗan gutsure ne kawai na abin da wayar ke iyawa, sauran duk yana zaune a banza. Wani masani mai suna Joseph Lechleider, na cibiyar bincike ta Bellcore a Amurka, shi ne ya nuna a ƙarshen shekarun 1980 cewa in aka bai wa abin da ke saukowa zuwa gida babban kaso, aka bar wa abin da ke hawa daga gida ƙaramin kaso, wayoyin da ke ɗaure a dami guda za su rage damun juna, sauri kuma ya ƙaru ƙwarai. Mutanen gida kuwa dama abin da suke karɓa ya fi abin da suke aikawa. Sa'an nan John Cioffi na Jami'ar Stanford ya kawo dabarar yanka wannan fili zuwa ƙananan hanyoyi 256, kowacce da nata kaɗawar. Misalin abin kamar manomi ne da ya gaji gona mai kunya 256, wanda kafin ya yi shuka sai ya bi kunyoyin ɗaya bayan ɗaya yana duba ƙasarsu, inda ya ga dausayi ya zuba iri da yawa, inda ya ga ƙasar ta gaji ya rage, inda ya tarar da fako ya tsallake. Haka modam ɗin ke yi a duk lokacin da aka kunna shi, shi ya sa fitilarsa takan yi ta ƙiftawa na ɗan lokaci kafin ta tsaya, yana gwada hanyoyin nan ne tare da abokin aikinsa da ke can ofishin tarho, suna daidaitawa a kan abin da kowace hanya za ta iya ɗauka, daga sifiri har zuwa alama 15 a kowane bugu. Kimanin hanyoyi 25 aka ware wa hawa, sama da 200 kuma na saukowa ne, can ƙasa kuma aka bar wa murya wurinta, don haka mutum na iya magana a tarho alhali kwamfutarsa na kan intanet, muddin an sa 'yar matatar da ke raba su.

A 1999 Hukumar Sadarwa ta Duniya ta tabbatar da wannan ma'auni, mai saurin da ya kai megabit 8 a sakan, watau hoton nan da ke cin minti uku ya koma sakan guda. A 2003 aka fito da ADSL2+, wanda ya ninka faɗin filin ya kai megabit 24. Sai dai akwai wani ƙaidi wanda ba a iya kauce masa ba: gwargwadon nisan gida daga ofishin tarho, gwargwadon yadda hanyoyin sama ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya, har in nisa ya haura kilomita biyar abin da ya rage bai taka kara ya karya ba.

Da wannan fasaha ta bazu a Turai a farkon shekarun 2000, sai kamfanoni suka shiga ƙera ta a siffar kati. AVM na birnin Balin ya yi wanda ya kira Fritz!Card DSL, ya kuwa karɓu a Jamus. Sangoma na Kanada ya yi S518, wanda masu amfani da Linux suka fi so. Da yawa daga cikin masu araha kuma ƙwayar kamfanin Conexant ce a cikinsu. Amma tashensu bai daɗe ba, kuma illolin da suka kashe su daga jikinsu suke. Yawancin masu arahar ba cikakkun modam ba ne, rabin aikin suna jingina shi ne ga ƙwaƙwalwar kwamfutar ta hanyar wata manhaja da ake kira direba, wadda ke zuwa a faifai. In aka sake Windows, ko kamfanin ya daina sabunta direban, kati ya zama gawa ko da kuwa lafiyarsa ƙalau. Kuma kwamfuta guda kaɗai yake yi wa hidima, in aka kashe ta duk gidan ya yanke, alhali a daidai lokacin gidaje sun fara tara kwamfuta ta biyu da ta cinya, daga baya kuma wayoyin hannu. Sa'an nan kwamfutar da ke da kati a cikinta tsirara take a gaban intanet, ba shamaki tsakaninta da duk mai neman ɓarna, abin da mutane suka ɗanɗana a watan Agusta na 2003 sa'ad da cutar Blaster ta riƙa shiga kwamfutoci ba tare da masu su sun buɗe kome ba, waɗanda ke bayan rauta kuwa galibinsu suka tsira. Su ma kamfanonin sadarwa ba su so shi, domin in abu ya lalace ma'aikacinsu ba ya iya rarrabewa ko laifin layi ne ko na kwamfutar mai gida, sai suka gwammace su bai wa kowa akwatin waje mai fitilu, wanda za a ce wa mutum ta tarho ya duba ko fitila kaza tana ci. Daga 2004 kuma ramukan PCI da kansu suka fara ba da wuri ga sababbi da ake kira PCI Express, waɗanda tsohon kati ba ya shiga cikinsu. Wanda kamfanin DrayTek na Taiwan ya fitar daga baya, VigorNIC 132, in aka duba haƙiƙarsa rauta ce sukutum aka shimfiɗa a kan kati, kuma ƙwararru ne ke sayensa.

Wannan duk a inda sharuɗɗan suka cika ke nan. Sharaɗi na farko, wanda in babu shi maganar ta rushe tun daga tushe, shi ne a ce akwai wayar jan ƙarfe da ta taso daga ofishin tarho ta shigo har cikin ɗakin mutum. To, a ƙasarmu waya ba gidaje ta bi ba, hukuma ta bi da fatauci. Ta bi layin dogo, irin wanda ya taso daga Zariya ya ratsa Funtua ya nufi Gusau har ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929. Ta shiga ofishin Di'o da gidan waya da asibiti da ma'aikatun gurzar auduga irin na BCGA da ke Funtua da Malumfashi, domin Bature na bukatar sanin farashi da lokacin da jirgi zai taso. Manomin da ya noma audugar kuwa, wanda ya ɗoro ta a jaki daga ƙauyukan Matazu, ba wanda ya yi tunanin yana da wanda zai kira. Sa'ad da aka sami 'yancin kai a 1960 layukan tarho a Nijeriya baki ɗaya ba su kai 19,000 ba, ga mutanen da suka haura miliyan 40. Aka kafa kamfanin tarho na NITEL a 1985, amma har zuwa 2001 layukan da ke aiki kimanin 400,000 ne ga al'ummar da ta kai miliyan 120, mafi yawansu kuma a Legas da manyan birane. Watau a shekarun da Bajamushe ke kwance murfin kwamfutarsa yana soka kati, mutumin ƙaramar hukuma irin Matazu in yana son ya yi magana da ɗansa da ke karatu a Zariya, sai dai ya ba direban mota wasiƙa, ko ya yi tattaki zuwa babban gari ya bi layi. Daga baya aka sayar da NITEL ga Transcorp a 2006, aka warware cinikin a 2009, har dai aka sayar da kadarorinsa ga waɗanda suka buɗe ntel a 2016, shi ma ta iska ya fara aiki. Wayoyin da suka rage a kan turaku kuwa da yawansu a hannun 'yan gwangwan suka ƙare.

Sharaɗi na biyu wuta ce. Kwamfutar tebur ba ta da batir, ita da allonta suna iya cin wat 100 ko fiye, kuma da zarar an ɗauke wuta ta mutu nan take tare da duk abin da ke cikinta. Mai shago da ke ƙona fetur a janareta, ko ya tara kuɗi ya sa sola da inbata, ba zai so a ce sai ya kunna wannan babbar na'ura ba kafin wayarsa ta sami intanet, alhali rauta da ba ta wuce wat 10 ba tana iya kwana a kan ƙaramin batir. Ga kuma yanayi. Da hunturu ƙura takan cika akwatin har ta yi kafet a kan allon, ta shiga tsakanin haƙoran kati da raminsa, sai a wayi gari kwamfuta ta ce ba ta san da shi ba, sai an cire an goge an busa da bulowa. Da damina kuwa, duk wayar da ta taso daga waje ta shigo ɗaki hanya ce ga aradu, kuma bambancin shi ne in modam na waje ne shi kaɗai zai ƙone, in kuwa na ciki ne yakan tafi da babban allon gaba ɗaya.

Abin da ya zo mana a maimakon waya kowa ya san shi. A watan Janairu na 2001 Hukumar NCC ta yi gwanjon lasisin wayar salula, kowane a kan dala miliyan 285, a watan Agusta kuma Econet da MTN suka fara aiki, ana biyan naira 50 a minti. Glo ya shigo a 2003 da lissafin sakan-sakan, Etisalat a 2008, sannu a hankali ƙarafan sabis suka tsaya a garuruwan da ba su taɓa ganin turken tarho ba. Da aka ba da lasisin 3G a 2007, sababbin wayoyin ƙarƙashin teku irin MainOne da Glo-1 da aka jawo zuwa Legas kuma suka fara aiki a 2010, sai data ta fara araha, modam ɗin da mutanenmu suka fara riƙewa da hannunsu kuwa shi ne ɗan ƙaramin nan mai kama da filas, galibi ƙirar Huawei ko ZTE, wanda ake zare murfinsa a sa masa layi a soka a kafar USB. Bukata ce ta kawo shi: rajistar jarrabawa da duba sakamako sun koma intanet, JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, a 2012 kuma gwamnati ta fara aika wa manoma saƙon takin zamani ta waya, daga baya aka zo da maganar lambar NIN.

Wanda ya shiga irin shagunan nan a waɗancan shekaru ya ga abin da ke nuna inda gizo ke saƙar. Kwamfutar tana ƙarƙashin tebur, a jikin bango, cikin ɗaki mai rufin kwano. In aka soka modam ɗin a bayanta, fitilarsa ba ta wuce launin da ke nuna sabis mai rauni, shafin rajista kuma ya yi ta juyawa, ga ɗalibai a kan benci riƙe da takardunsu. Sai mai shago ya samo doguwar wayar USB, ya ja ta ta bi bango, ya rataya modam ɗin a ƙusa a saman taga ta ɓangaren da ƙarfen sabis yake, wani ma ya sa shi a leda saboda yayyafi ya ɗaura a gora ya cilla sama da kwano. Nan take fitilar ta sake launi, shafi ya buɗe. Ba wanda ya karantar da shi ilmin igiyar rediyo, amma ya gano hukuncin da injiniyoyi suka sani: modam na iska wurinsa inda sabis yake, ba inda kwamfuta take ba. Akwatin kwamfutar tebur kuwa ƙarfe ne ta ko'ina, an yi shi haka da gangan domin ya tsare hayaniyar lantarkin da ke ciki kada ta fita, kuma abin da ya hana fita shi ke hana shiga.

Irin muhawarar da akan ji a teburin mai gyara ba ta wuce haka. Dattijo ya kawo kwamfutar da aka ba makarantarsu, ya nuna 'yar kafar da ke baya, ya ce, "Ɗana, an ce mini wannan na intanet ne, ka duba mini ko zai tashi." Saurayin ya leƙa ya ce, "Malam, ai wannan na wayar NITEL ne, ba ya cin layi." Malam ya ce, "To, ba yadda za a yi a sa masa layin waya?" Ya ce, "Wallahi Malam, ba ma inda zai shiga. In ka yarda in cire shi, in sa maka na Wi-Fi a wurin, sai ka riƙa ba ta data daga wayarka."

Amsar saurayin nan daidai ce, amma adalci ya wajabta a faɗi cewa akwai katin ciki mai cin layi, kuma shi ne magajin wancan a zamaninmu. Kamfanoni irin Quectel da Sierra Wireless da Fibocom suna ƙera modam na 4G da 5G a siffar ɗan allo da bai fi yatsu biyu ba, wanda asali don kwamfutar cinya aka yi shi. Mai son ya sa shi a ta tebur sai ya sayi wani allon da zai ɗora shi a kai, mai ramin layi, sa'an nan ya ja 'yan siraran wayoyi zuwa eriyoyin da za su leƙo ta baya. Yana aiki, ban musa ba, kuma yaron da ke koyon sana'ar zai ƙaru ƙwarai in ya harhaɗa shi da hannunsa. Amma kafin mutum ya fitar da kuɗinsa wajibi ne ya tabbata katin yana jin zangon da kamfanonin nan ke watsawa a kai, domin wanda aka ƙera don Amurka sau da yawa ba ya jin namu. A karkara kuma ƙananan zanguna irin 800 da 900 ne ke cin nisa su ratsa bango, manya irin 2600 sai kusa da ƙarfe. Waɗansu katunan da aka ciro daga tsofaffin kwamfutocin cinya kuma an ɗaure su ga kamfanin da ya ƙera kwamfutar, ba sa yarda da wata. Bayan duk wannan, eriyar tana nan dai a ƙarƙashin tebur. In aka ce a ja ta zuwa rufi da doguwar waya, sabis ɗin da aka kamo a sama yana tsiyayewa a hanya kafin ya iso. Wayar USB ta gama-gari ba ta son wuce mita biyar, amma wayar nan mai haƙora takwas tana kai mita 100 ba tare da ta rasa kome ba. Saboda haka a ra'ayina, ga makaranta ko shago a Matazu, abin da ya fi shi ne a sayi rauta mai cin layi, a ɗora ta a wuri mafi tsawo da inuwa, ko a sayi irin wadda aka yi don zaman waje a kafa a kan ƙarfe, a jawo wayar zuwa kwamfuta, sauran na'urori kuma su sha ta Wi-Fi. Wanda bukatarsa ba ta wuce aika takarda jefi-jefi ba kuwa, wayar da ke aljihunsa ta ishe shi, gama cikakken modam ne a cikinta, wanda ya fi tsohon modam mai buga lamba sauri nesa ba kusa ba.

Dogaro da iska kaɗai yana da nasa aibun, kuma mutanen wannan yanki sun gan shi a watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe sabis a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, cikinsu har da Funtua da Malumfashi da Bakori da Ƙanƙara, har ya zama ɗan kasuwar hatsi sai ya hau mota zuwa wani gari kafin ya ji farashi ko ya tura kuɗi, ba a kuma fara mayar da shi ba sai wajen ƙarshen shekarar. Tsarin da gwamnatin tarayya ta fitar na 2020 zuwa 2025 ya yi burin karkara ta sami megabit 10 a sakan, kuma hanyar da ake sa ran ta kawo haka ita ce wayar faiba, wadda zaren gilashi ne mai ɗaukar haske, ba jan ƙarfe ba. A watan Janairu na 2023 kuma Starlink ya fara aiki a Nijeriya, ƙasa ta farko a Afirka, ga mai ƙarfin sayen kayansa da biyan kuɗin wata. A duka biyun modam ɗin ba kati ba ne da mai kwamfuta zai soka a cikin akwatinta: na faiba akwati ne da kamfani ke kafewa a bango inda zaren ya tsaya, ya kuma yi masa rajista da lambarsa, na Starlink kuwa a cikin farantin da ke kan rufi yake.